Ramukan da Masu Neman Zinare Suka Haƙa Mana

Cikin duk shekarun da na yi a aikin gandun daji, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata da muka hau tsaunin bayan Unguwar Marke, muka tarar da shi cike da mutane kamar kasuwa. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku saurara da kyau, don wata rana ku ma za a tura ku tsauni.

Ni ban yi boko ba. Aikina a wurin rainon itatuwa na nan Birnin Gwari shi ne cika leda da ƙasa, da shuka iri, da ban ruwa safe da yamma. Mu mata ne muka fi yawa. Sama da mu akwai foman, wato mai kula da leburori, a lokacin Bitrus ne, mutumin kirki amma fushinsa a kusa yake. Sama da foman akwai jami'ai, sama da su kuma sai Oga na ofis, wanda ba ma ganinsa sai kamar watan Sallah.

A shekarar hanya ta ɗan lafa daga 'yan bindiga, ana fita daji da hantsi a dawo kafin la'asar. Mutanen Unguwar Marke suka ba da tsauninsu a dasa itatuwa, don masu gawayi sun cinye na asali. Muka yi rani guda muna rainon maɗaci da ɗorawa da kashu, har suka kai gwiwa. To, ƙa'idar aiki ita ce ba a dasa ko tsiro ɗaya sai an duba ƙasa. Aka turo mana Malama Rahila, jami'ar binciken ƙasa, 'yar kudancin Kaduna, yarinya ce ƙarama mai sanyin magana. Ni ta ɗauka in riƙa ɗaukar mata kaya, saboda a unguwar aka haifi mahaifiyata, kowa ya san ni.

Yadda ake duba ƙasa shi ne a haƙa rami mai faɗi, ta shiga ciki ta karanta bangonsa daga sama zuwa ƙasa. A fadama ramin kan kai ƙirjin mutum. A tsaunin nan ko gwiwa bai wuce ba diga ta fara tartsatsi. Ta nuna mini hawa hawa. Na sama baƙar ƙasa ce mai ruɓaɓɓen ganye, kaurinta bai fi taƙi ɗaya ba. Ƙarƙashinta jar ƙasa, amma tsakuwa ta fi ƙasar yawa, har da fararen duwatsu jefi jefi. Ƙarƙashin wannan sai marmara, ta daskare kamar daɓe. Ta tankaɗe da rariya, ta jiƙa da ruwa ta murza a tafin hannu, ko igiya ta ƙi yi, sai wargajewa. Ta zuba ruwa a sama, ya zurare kamar an zuba a kwando. Daga kowane hawa ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a 'yar leda, za a kai ɗakin gwaji.

Ta ce mini su ma'aikatan ƙasa suna raba ƙasa gida gida, kamar yadda mu muke cewa jigawa da laka da fako. Suna duba zurfi, da yawan tsakuwa, da gangarar wuri, da abin da ke kwance a ƙarƙashi. Wannan ta faɗa gidan marasa zurfi, masu tsakuwa, na kan gangara. Ba ta garma ba ce, ta itace ce. Itacen ma ba zai kama ba sai an fasa marmarar nan a kowane rami, saiwa ta sami ƙofa.

Nan gizo yake saƙa. Leburorinmu maza ba su cika hannu ɗaya ba, wuni guda suna dukan marmara, ramukan da suka fasa ba su taka kara sun karya ba. Oga ya aiko cewa in ramuka ba su samu kafin ruwan fari ba, za a kwashe itatuwan a kai wata ƙaramar hukuma, mu kuma mata a sallame mu har baɗi. Ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas.

Ana nan ana nan, ashe mutanen unguwa suna kallonmu. Kun san ƙasarmu. A nan, duk wanda ya haƙa rami ya ƙulle ƙasa a leda ya sa a mota, abu ɗaya yake nema. Ga kuma fararen duwatsu, waɗanda masu haƙar zinare ke bi kamar sawun barewa. Labari ya ci kasuwar Litinin, Talata muka hau muka tarar da tsauni ya cika. Diga, shebur, kwanonin wanki, har mai shayi ya kafa tebur.

Ni da na duba, ɓarna kawai na gani. Suna kwashe baƙar ƙasar nan suna watsawa gangara don su kai ga tsakuwa. Taƙi ɗaya ce fa, Malama ta ce ta fi kakannin kakanninmu shekaru kafin ta taru, ruwa ɗaya kuma zai wanke ta zuwa rafi.

Shugabansu Ɗanjuma ne, jikan ƙawata, tun yana goye nake ce masa maigida. Na same shi a cikin rami, ƙura ta rufe masa gira.

Na ce, "Maigida, wa ya aiko ka nan?"

Ya ce, "Haba amarya, kina wucewa ta ƙofar gidanmu da zinare a ka, ko sallama babu. Ki bari in samo miki na 'yan kunne, kunnen nan ya daɗe a bushe."

Na rantse masa ƙasa ce kawai a ledar. Ya ce ai shi ma ƙasa yake ɗiba. Bitrus ya hau faɗa, ya ce zai kira 'yan sanda. Nan take suka kalli juna suna murmushi, wani ya ce in babu komai, me ya kawo maganar 'yan sanda? Duk rantsuwar da muka ƙara, sai diga ta ƙara sauri.

Malama Rahila kuwa sai ta bi ramukansu ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa. Can ta kira ni ta nuna mini na Ɗanjuma. Marmarar da ta gagari mutanenmu, shi ya fasa ta tun kafin rana ta yi zafi. Sana'arsu ce, hannunsu ya san inda dutse ke da rauni.

Ta ce wa Bitrus ya mayar da wayarsa aljihu. Muka sauka muka ɗauko mai unguwa, tunda tsaunin na jama'arsa ne, aka tara mutane a ƙarƙashin wata taura da ta tsira daga masu gawayi. Ta rusuna ta gaishe su, sannan ta ce:

"Iyayena da yayyena, ni ban karanci zinare ba, ban gan shi ba, ba shi nake nema ba. Itace zan dasa. Amma tunda sai kun haƙa, ku haƙa inda na soke kara. Baƙar ƙasa ku tara mini ita a gefen sama na ramin. Tsakuwa taku ce, ku wanke, abin da kuka samu naku ne."

Mai unguwa ya ce magana ta yi. Bitrus ya ja ni gefe ya ce yarinyar nan za ta ja mana kora. Shi dai bai hana ba, shi ne ma ya riƙe igiya muka jera karare layi layi.

Abin dariya, karan nan ya ƙara musu imani. Ɗanjuma ya ce wa mutanensa gwamnati ba ta soke kara a banza. Malama ta sake faɗa masa cewa tazarar itace ce ta auna, ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe," ya kashe mini ido. Har rige rige ake a kan kara. Ni kuma aka ba ni aikin bin layi, duk wanda ya haɗa baƙar ƙasa da ja, in tsaya a kansa sai ya raba. Ba su ji daɗina ba, suka sa mini suna Iya Sufeto.

Malama ta ce bai dace mutum ya yi mana wannan aiki da yunwa ba, ko da shi bai yarda namu yake yi ba. Muka haɗa abin da ke hannunmu, mu mata muka riƙa dama kunu muna dafa wake muna hawa da shi. Abu ya koma gayya, har da waƙa.

Kwanaki suka tafi. Suka yi ta sauke tsakuwa rafi suna wankewa, ba abin da ya zauna a gindin kwano sai wani ƙyalƙyali da ke murƙushewa a yatsa. Aka fara zamewa da ɗaiɗai. Da labari ya zo cewa an sami wani wuri can yamma, mai shayi ne ya fara naɗe teburinsa. Suka bar mana tsauni da ramuka a jere, kowanne an fasa marmararsa, kowanne da tulin baƙar ƙasarsa a gefe.

Ruwan fari ya sauka a makon. Muka cuɗa baƙar ƙasa da taki muka mayar, muka dasa, ragowar tsakuwa muka yi ganɗo da ita a gefen ƙasa don ta tare ruwa. Oga ya zo ya tsaya yana kallo, ya tambayi Bitrus ina ya samo leburori haka. Bitrus ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar gari ne suka ba da gudummawa." Ba a sallami ko mace ɗaya ba.

Ba duka aka tsira ba. Gefen da suka kwashe a ranar farko, kafin a soke kara, har yau ja ne fayau, ko ciyawa ba ta zama. Sauran kuwa maɗacin ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Ɗanjuma kuma har gobe yana cewa zinaren yana cikin 'yan ledojin da muka fara kwashewa, kuma amarya ta ci amanar maigida.

To 'ya'yana, abin da na ɗauko daga tsaunin nan biyu ne. Ƙasa irin wannan, duk arzikinta a fatar sama yake, in kun haƙa ku ware ta gefe kamar hatsin iri. Mutanenmu kuma, in suka ga rami, ba a shawo kansu da baki, sai hannunsu ya taɓa gindinsa da kansa. Don haka in kuka tarar da mutum ya riga ya ɗaga diga, kada ku tsaya musu da shi. Ku nuna masa inda zai sara.