Ranar da Na Bi Mai Nono ta Kan Dutse

Na gama takaba a ƙarshen damina, ana shirin yankan gero. Wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba, kuma da aka ce na fita, sai na tarar babu inda nake marmarin zuwa. A makarantar firamaren da nake koyarwa a nan Kazaure an ce in huta sai na ji ƙarfi. Sai na ci gaba da zama a tabarma bakin ɗakin marigayi, kamar takabar ba ta ƙare ba.

Akwai wata dattijuwa Bafulatana da take kawo mana nono tun ina amarya, Inna muke ce mata. Rugarsu tana bayan duwatsu, ta wajen Roni, kuma a ƙafa take zuwa, ƙwarya a ka. Duk zaman da na yi ba ta taɓa damuna da doguwar nasiha ba. Sai dai ta sauke kaya, ta zuba min kindirmo, ta ɗan zauna, ta tashi. Wata Alhamis kuwa ta daɗe tana kallon ƙafafuna da suka kumbura saboda zama.

"Malama, jikata ta haihu, ba ki je barka ba," in ji ta. "Ki shirya, jibi tare za mu tafi."

Na ce to zan hau babur. Ta ce babur ba ya bin hanyarta. Na kawo uzurin gwiwa, na kawo na rana, duk ta yi kamar ba ta ji ba. Ranar Juma'a ta zo ta kwana a gidanmu, har da guzurin takalmin roba irin na makiyaya, wanda ya yi min yawa.

Muna idar da sallar asuba muka fita. Muka bar gidajen ƙarshen gari, muka ratsa gonakin dawa, raɓa tana jiƙa mana zane, sannan hanya ta fara miƙewa sama tsakanin duwatsu. Ban yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa. Ita kuwa, da ta girme ni nesa ba kusa ba, tana gaba, ƙoren da ke kanta ko motsi ba sa yi. Ba ta waiwaye, amma duk lokacin da na tsaya sai in ga ita ma ta tsaya tana duba wani ganye, wai magani ne.

A gindin wata tsamiya muka zauna, ta ba ni ruwa. Nan ta gaya min abin da ban sani ba duk shekarun nan: ita ma mijinta ya rasu tana da goyo, kuma washegarin fitarta takaba ta ɗauki ƙwarya ta biyo wannan hanya, domin yara sai sun ci.

Da hantsi muka kai ƙololuwa. Na juya, sai ga Kazaure gaba ɗaya a ƙasa: rufin kwano yana ƙyalli, hasumiyar masallaci, ruwan dam shimfiɗe, motoci a titi kamar tururuwa. Ban shirya tambayar ba, ita ta fito da kanta.

"Inna, daga nan ana hango maƙabarta?"

Mu mata ba ma raka gawa. Ranar da aka fita da maigidana, iyakata zaure. Inna ta miƙa hannu ta nuna min wani fili a bayan gari, mai jan ƙasa da bishiyoyin darbejiya. Na tsaya na yi masa addu'a, na yi kukan da na daɗe ban samu wurin yinsa ba. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Durƙusawa ta yi tana cire min ƙarangiya daga gefen zane, ɗaya bayan ɗaya, har na gama.

Gangarowa ta fi hawa wuya, amma a nan na fara jin yunwa, irin wadda rabona da ita tun yana kwance a asibiti. Tafiyar da Inna take yi kafin rana ta yi zafi, ni sai dab da azahar na kai mu. Matan ruga suka fito suna gaishe ni da Fulatanci, ina amsawa da ka, suna dariyar takalmina. Aka ɗora min jaririya a cinya, aka dama fura, na shanye ƙwarya guda ban ji kunya ba.

Washegari ƙafafuna suka ƙi, dole aka nemo babur ya zagayo da ni ta titi. Mako na zagayowa na koma aji.

Da na ba malaman makarantarmu labari, biyu daga cikinsu suka ce sai an je da su. Bayan an gama girbi Inna ta ja mu ta burtali har kasuwar Gwiwa, tafiyar yini guda. Ɗaya ta gaji a tsakiyar hanya, muka ɗora ta a amalanken wani manomi, ta riga mu isa, muka tarar ta saya mana rake tana jira.