Hannuwan Ƙanwata

Ƙanwata tana da shekara biyu lokacin da gubar dalma ta shigo Tungar Guru. Yara da yawa ba su tashi ba. Ita ta tashi bayan an yi mata magani a Anka, amma hannuwanta suka kama rawa, yatsun dama kuma ba sa damƙar abu. Har ta shekara bakwai Inna ke ba ta tuwo a baki. Ni da na girme ta da shekara tara nake sa mata kaya.

Wata rana a asibiti aka haɗa mu da wata ma'aikaciya, wadda aikinta shi ne koya wa masu irin wannan lalura yi wa kansu hidimar yau da kullum. Ba ta yi allura ba. Ta zauna a tabarma tana kallon yadda Inna ke ɗura wa yarinyar kunu.

"Inna, mi ta iya yi wa kanta a gida?"

"Ba komi, Malama. Mu ka yi mata."

"To ku rage yi mata."

Maganar ta ɓata wa Inna rai. Duk da haka ta karɓi cokalin da Malamar ta naɗe wa mariƙi da robar tayar keke har ya yi kauri. An ce mu riƙa ɗora akushin yarinyar kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame, a ɗinka mata riguna masu faɗin wuya, kullum da hantsi kuma ta tsinci wake daga faifai zuwa ƙwarya, ƙwaya ɗai-ɗai.

A watannin farko kaji suka fi ta cin tuwon. Takan yi kuka ta jefar da cokalin. Inna takan cusa hannuwanta cikin zane don kada su kai mata ɗauki, ta kau da kai tana tasbihi. Duk komawarmu Anka sai Malamar ta ƙara mana abu guda: wanke fuska, riƙe buta, curin yumɓu.

Wata safiya da damina na ɗauko rigarta kamar yadda na saba, sai ta fizge.

"Yaya, bari."

Na bari. Har na gama sharar tsakar gida tana kokawa da rigar. Ta fito da ita a bai-bai, tana haki. Ba wanda ya gyara mata, haka ta wuni.

Yanzu ta zama budurwa. Hannun bai daina rawa ba, alwalarta ma takan ɗauki lokaci. Amma ita ke cura dawon furar da ake sayarwa a gidanmu. Da na je ganin gida bana daga Gummi, inda nake zaune yanzu, na tarar da matan Fulani uku zaune a zaure da ƙwaryar nononsu. Na ce ai akwai dawo a maƙwabta. Babbarsu ta ce na yarinyar nan suke jira, ya fi laushi. Na shiga ciki na zauna kusa da turmi, ina kallon ta tana aikinta.