Fiyanon da Ya Fi Ƙarfin Matan Zumunta

Ko me zan manta na zamana a New York, ban da makon bikin 'yata ta fari, da yadda wani tsohon fiyano ya kusa watsa mana taro. Shekaru sun ja, yarinyar ma yanzu uwa ce, amma duk ranar da abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, ko da a cikin bas nake.

Ni nas ce a wani asibiti a Staten Island. Cocinmu ƙarami ne, na 'yan arewa masu sujada da Hausa, wasu daga Kaduna, wasu daga Filato da Gombe. Ba mu da ginin kanmu. Wani babban coci ne a Port Richmond ya ba mu ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, idan sun tashi mu shiga. A ɗakin muka tarar da fiyanon, an jingine shi da bututun hita mai ɗumama ɗakin, babu wanda ya san tun yaushe. Mai kaɗa mana shi Baba Dattijo ne, tsohon malamin firamare da 'ya'yansa suka kawo Amurka don ya huta, shi kuma ya ƙi hutawa. Shi yana kaɗawa, mu matan zumunta muna bi da tulu da caki, kowa na jin daɗinsa. Ba wanda ya taɓa cewa fiyanon nan yana da wani ciwo.

Angon ne ya tono maganar. Yaron kirki ne, iyayensa 'yan Jos, amma a Flatbush cikin Brooklyn ya girma, kuma ya iya busa ƙahon nan na ƙarfe mai walƙiya. Burinsa shi ne ranar ɗaurin aure ya busa wa amarya tana shigowa, Baba na raka shi da fiyano. Aka sa ranar gwaji. Baba ya danna, ango ya busa, abin da ya fito kuwa kamar an ɗaure awaki biyu da igiya ɗaya kowace na kiran uwarta. Suka sake, aka sake samun awakin.

Baba ya leƙo ta saman gilashinsa ya ce, "Yaro, ƙahonka ya yi tsatsa."

Ango ya rusuna ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, fiyanon ne ya sauka."

"Ya sauka ina? Ga shi nan inda na bar shi ranar Lahadi."

A mota 'yata ta fashe da kuka. Da Hausa nake lallashinta, da Turanci take amsa mini, kamar yadda ta saba. Ta ce idan ba a gyara fiyanon ba za su mai da bikin cocin iyayen ango a Brooklyn, inda komai nasu sabo ne. A can mawaƙansu ne za su yi waƙa, matan zumuntarmu sai dai su zauna a baya kamar baƙi. Waɗannan matan su suka goya yarinyar nan lokacin da nake aikin kwana, su suka koya mata tuƙa tuwo, kuma an riga an ɗinka anko. Da wane ido zan kalle su?

Da muka isa gida maigidana ya ce, "Maman yara, kwantar da hankalinki, na san wani."

Wanin nan ashe bakanikensa ne, mutumin Maraɗi, mai fara'a da ladabi. Sai da ya cire takalmi a ƙofar coci, ko da na ce masa mu da namu muke shiga. Ya buɗe saman fiyanon, ya leƙa, ya jinjina kai.

"Madam, waya ce da ƙusa. Mu da muke kwance injin mota mu mai da, mi za ya gagare mu a nan?"

Ya fito da sifana, ya kunna wani abu a wayarsa ta hannu mai nuna ko sauti ya hau ko ya sauka. Mama Shugaba, wato shugabar zumuntarmu, tana gefe tana tsara yadda za a jera kujeru. Mace ce mai jiki da kwarjini, ko Fasto sai ya gyara tsayuwa idan za ta yi magana. Bakanike ya kama ƙusa ɗaya ya murɗa, ya ƙara murɗawa. Sai ji muka yi tas, kamar an harba bindiga. Kafin in waiga Mama Shugaba ta shige ƙarƙashin teburin karɓar baikon coci tana kiran sunan Yesu, ƙafafunta ne kawai a waje.

Bakanike ya zaro wayar da ta tsinke ya duba ta a nitse. Ya ce, "Ba komi, Madam, ta gaji ne. Gara yanzu da ran biki. Akwai wayar birki a gareji, kaurinsu ɗaya." Ya kama ta kusa da ita, ita ma ta ce tas. A nan ya tattara kayansa ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Madam, gaskiya wannan ba layina ba ne." Har yau ina ganin mutuncinsa saboda wannan maganar, kuma har yau shi yake gyara mana mota.

To, ga fiyano da wayoyi biyu a tsinke, ga biki na matsowa. Na shiga intanet ina buga wa mutane waya a lokacin hutun cin abinci. Wani ko tambayar irin fiyanon bai yi ba ya ce mini ya mutu, in zubar, shi yana da wani na sayarwa. Wani ya ce zai zo, na jira shi a ƙofar coci cikin sanyi har yatsuna suka ƙage, bai zo ba, bai kuma ɗaga waya ba. Daga ƙarshe na tuna da malamar kiɗa ta makarantar da yarana suka yi, na je na same ta. Ta ba ni lambar wata mata a Harlem, ta ce kafin in kira ta in fara kiran coci biyu da take yi wa aiki, in ji daga bakinsu. Na kira. Dukansu abu ɗaya suka ce: tana da tambaya kamar 'yar sanda, amma idan ta ce za ta zo, za ta zo.

Haka kuwa aka yi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara: yaushe rabon a saita shi, a ina yake ajiye, akwai hita kusa, wa ya taɓa shi kwanan nan. Na ce wani bakanike.

Ta ce, "Na mota?"

Na ce, "Na mota."

Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba sai ta gan shi da idonta.

Ta jirgin ruwan da ke ƙetarowa Staten Island ta zo, da 'yar jakarta. Baƙar fata ce 'yar Amurka, dattijuwa, kanta fari fat, ba ta da yawan magana. Abu na farko da ta nema shi ne shiru, kuma ta neme shi a ranar da matan zumunta suka taru a kicin ɗin coci suna suyar cincin ɗin biki. Ni aka sa gadin ƙofa. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar hana matan nan hira ba, gara a ba ni ɗakin majinyata cike. Ita kuwa ta sa aka janye fiyanon daga jikin hita, ta ce zafin nan ne ya shekara yana busar da katakon, wayoyin suna saki a hankali. Ta sa sababbin wayoyi biyu. Sannan ta kira mu ta yi mana bayani. Idan ana so ya yi daidai da ƙaho, dole ta ɗaga shi gaba ɗaya ya koma inda ya kamata. Ba zai tsaya lokaci guda ba, sai ta dawo da safen biki ta sake bi. Ta ƙara da cewa masu waƙa su sani, duk waƙar da suka saba za su ji ta hau sama.

Na fassara wa Mama Shugaba. Ta goge hannunta da zane ta ce, "Ki ce mata muna waƙa tun ba a haifi angon ba. Ta ɗaga shi har rufi."

A gwaji na gaba ango ya busa, Baba ya danna, sai ga sauti ya haɗu kamar madara da zuma. 'Yata ta riƙe hannuna tana hawaye, wannan karon na daɗi. Baba ya ce da ango, "Ka ga da ka goge ƙahon?" Yaron ya ce, "Haka ne, Baba."

Sai matan zumunta muka miƙe don waƙarmu ta raka amarya. Farkonta lafiya lau. Amma akwai wani wuri a tsakiya da murya take hawa, inda Mama Shugaba take ɗaga kai ita kaɗai mu amsa mata. Ta ɗaga kai, jijiyoyin wuya suka miƙe, abin da ya fito kamar ɗan zakaran da ke koyon cara. Ta yi gyaran murya aka sake. Zakaran ya dawo. Mu da muke amsawa wata ta yi tari, wata ta koma motsa baki kawai, mai tulu ta ci gaba da bugawa ita kaɗai don ba ta lura an tsaya ba.

Mama Shugaba ta juyo gare ni ta ce, "Maman amarya, matar nan taki ta lalata mana fiyano. Ki kira ta ta mai da shi yadda ta same shi."

Ango ya matso a hankali ya ce ai da sauƙi, Baba ya sauko da waƙar ƙasa kaɗan, ya fara daga wani madannin daban. Duk muka kalli Baba. Ya cire gilashi ya goge, ya mai da. Ya ce, "'Ya'yana, tun ina da gashi a kaina wuri ɗaya na san ana aza hannu. A nan Baturen mishan ya aza mini yatsu, a nan suke. Idan na matsa gefe ɓata zan yi."

Aka tashi ba a daidaita ba. Mata suka ce ko a sauke fiyano ko ba waƙa, amarya ta ce idan aka sauke ba ƙaho. Ni ce a tsakiya, wayata ba ta daina ƙara ba har safen biki. Na so in kira matar in gaya mata, kunya ta hana ni, tun da ta faɗa mana da bakinta muka ƙi ji.

Da safen tana cikin waɗanda suka fara isowa, kamar yadda ta ce. Ta same ni da ɗankwali rabi a ɗaure, ido a kumbure. Ta gama bin wayoyinta tukuna, sannan ta tambaye ni me ya faru. Da na gaya mata ba ta ce ai na faɗa muku ba. Cewa ta yi a kira mata matan su rera waƙar ba kiɗa. Muka rera, tana sauraro da kai a sunkuye, tana taɓa madannai da yatsa ɗaya. Sai ta kama kiɗan daga ƙasa, daidai inda muryoyinmu suka saba zama. Da aka iso wurin hawan nan Mama Shugaba ta ɗaga kai, muryar ta fita tar kamar ta budurwa.

Saura Baba. Matar ta tashi daga kujerar ta je gabansa, ta ce in gaya masa kujerarsa ce, waƙa ɗaya kawai take roƙon ya ara mata, idan ya yarda. Baba ya yi ɗan tunani ya ce ya yarda, amma zai tsaya kusa da ita saboda waƙar tana da wuraren da baƙo ba zai gane ba. Mama Shugaba kuma ta ce ba a shiga sahun zumunta da kai a buɗe. Ta zaro ɗankwalin anko daga jakarta, ta zaunar da matar da jiya take cewa ta lalata mana fiyano, ta ɗaura mata shi da hannunta har da ƙahonni biyu.

Haka aka yi bikin. Amarya ta shigo ango na busa, Baba na kaɗawa a wurinsa na kullum. Da lokacinmu ya yi, dattijuwar Harlem ta zauna da ɗaurin 'yan Kaduna a kanta, Baba a tsaye a gefenta yana kaɗa mata yatsa kamar shi ya koya mata. Ko kalma ɗaya ba ta ji a waƙar ba, amma na ga kafaɗunta suna bin tulu. Dangin ango daga Brooklyn suka miƙe suna rawa, uwar ango ta rungume ni tana cewa ba ta ji irin wannan waƙar ba tun barinta gida. Matar ta tsaya har aka ci abinci, ta ci masa da miyar taushe, ta roƙi a ƙulle mata cincin. Tun daga lokacin ita take zuwa duba mana fiyano idan sanyi ya shiga da idan ya fita.

Abin da na ɗauka daga wannan makon ya wuce zancen kiɗa. Mun shekara muna waƙa da abin da yake sauka a hankali, muna sauka tare da shi, ba wanda ya ji, sai da na waje ya zo. Yanzu idan zan ba wani aiki, ko famfo ne ko haƙori, ba na kallon wanda ya fi saurin cewa zai iya. Ina neman wanda zai yi mini tambaya har in gaji, ya gaya mini abin da ba na son ji tun kafin ya taɓa komai, sannan ya dawo da ƙafarsa ya ga yadda aikinsa ya bar ni.