Baba a Kan Tsani Saboda Darasin Jikarsa

Jama'a, yau na ga abin mamaki!

Na shiga gidanmu a Maska da hantsi, sai ga Baba a kan tsani jikin rumbu, ya ɗaga waya sama, ya ƙure mata murya. 'Yata Hafsatu tana ƙasa, tana ta rubutu.

Ashe darasin lissafi wani malami ke koyarwa kai tsaye ta waya, ga jarrabawar shiga jami'a saura mako guda. Duk gidan, sabis ba ya kamawa sai a saman rumbun.

Na ce, "Baba, don Allah ka sauko, ƙafarka fa ba lafiya!"

Ya ce, "Kai, yi mana shiru, Malam na magana. Ni na cire ka daga aji huɗu saboda ɗibar auduga. Wannan kam ko hannuna zai sage, sai ta gama."

Wallahi ina dariya, hawaye na zuba. Na matsa na riƙe masa tsanin har aka tashi.

Yau ga makaranta sukutum a tafin hannun Baba! Ku a gidanku, wa ke hawa wa yara tsani?