Ranar da matata ta faɗi sunana

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da ɗauko matata daga Kano ba, takardar zamanta a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ta zo ƙarewa. Ni ina da ɗan ofishin aika kaya a ginin kasuwar Tianxiu, ina tura wa mutanenmu kaya ta ruwa da ta sama, takardata ta aiki ce. Ita kuma a ƙarƙashina take zaune, a matsayin matar aure. In an sabunta mata, shi ke nan, muna tare. In ba a sabunta ba, sai ta tattara ta koma gida, dawowarta kuwa sai yadda Allah ya yi, don ni na san wahalar da na sha kafin ta zo.

Kafin zuwanta mun yi shekaru muna auren waya. In je gida da ƙaramar Salla, in yi 'yan makonni, in juyo. Na taɓa kwanciya zazzaɓi a ɗakina na unguwar Xiaobei, ba wanda ya san halin da nake ciki, sai da maƙwabcina ɗan Gana ya ji shirun ya yi yawa ya zo ya ƙwanƙwasa. Tun daga nan na ce ni dai na gaji da zaman gwauro alhali da aurena. Da ta zo, gidan ya zama gida. In na dawo daga aiki, tun daga matattakala nake jin ƙamshin daddawa, in san akwai mai jirana. To ka ga duk abin da zai taɓa takardar nan, ni ya taɓa.

Ina da wani aboki mai harkar atamfa, wanda babu abin da bai sani ba a garin nan, ko da kuwa bai sani ba. Shi na fara tuntuɓa. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, yanzu abu biyu suke dubawa, aljihunka da bakinta. Za su ga ko kana da abin riƙe ta, sannan su yi mata tambayoyi da Sinanci. Ta kasa, sai filin jirgi."

Na ce, "A ina ka ji?"

Ya ce wani ne ya gaya wa wani. Ni kuma, da yake tsoro ya riga ya shige ni, na ɗauka na rungume.

Maganar aljihu ba ta dame ni sosai ba, zirga-zirga ce kawai. Banki, takardun haraji, yarjejeniyar haya, takardar aurenmu da ta sha tambari tun daga gida. Na tara har da waɗanda ba a nema ba, jakar ta yi nauyin da sai na riƙa sauya hannu. Maganar bakin ce ta hana ni sukuni. Sinancina na kasuwa ne. Na iya "ni hawo" ta gaisuwa, na iya "shiye-shiye" ta godiya, na iya kiran mai kanti "lawban", na san in ya ce "meyo" to babu ke nan. Sai ƙirge. Da wannan ɗan guntun ilimin na buɗe makaranta a falo, ni ne malami, ita ce ɗaliba.

Kullum da safe tana dama kunu ina jefa mata tambaya. A wace unguwa kike? Hawa na nawa? Me mijinki yake yi? Ta amsa, in ce ba haka ake ja ba, in ja mata. Rannan ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Yaya, kai ma fa matar kantin ƙasa ba ta gane ka sai ka nuna da hannu." Na ɓata rai na ce ai matar ce ba ta ji sosai. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma wata rana na dawo da wuri, na tsaya a ƙofa, sai na jiyo ta a kicin ita kaɗai tana ta maimaita adireshinmu da Sinanci, ta yi kuskure ta koma farko, ta yi kuskure ta koma farko. Da na shiga na ce ta huta haka nan, sai ta ce, "Ni ba Sinancin nake tsoro ba. In na faɗi, kai zan bari a nan kai kaɗai." Ranar ban iya cin abinci sosai ba.

Kun ji ta ce min Yaya. Bari in yi bayani, don a nan maganar take. Auren zumunci muka yi, 'yar ƙanin mahaifina ce. Ni kuma sunan kakanmu aka sa min, saboda haka duk matan gidanmu babu mai faɗar sunana na yanka, har mahaifiyata. Ita matata a hannun kakarmu ta tashi, tsohuwar da ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. Tun tana yarinya Yaya take ce min, aka yi aure Yaya ya zauna. In wani mai irin sunana ya kira waya, sai ta ce, "Mai sunan Yaya ya kira." Mahaifina kuwa Baffa ne a wajenta, kuma suruki, wannan ba a ma zancensa. Na saba da abin har ba na ganinsa. Duk tambayoyin da na shirya mata, ko sau ɗaya bai zo min a rai ba.

Ranar zuwa ofis muka fita da sassafe, muka hau jirgin ƙasa. Tana zaune cikin hijabinta leɓenta yana motsi, ban san ko addu'a take ko bita ba. Muka karɓi lamba, muka jira, aka kira mu. Wata matashiyar ma'aikaciya ce a bayan gilashi. Na zube mata takarduna ina jin kaina. Ta zaɓi 'yan kaɗan, ta turo min sauran, fiye da rabi. Maganar aljihu ta wuce ke nan, ko ɗaga gira ba ta yi ba.

Sai ta juya ga matata. Na ce a raina to ga jarrabawa ta zo. Ashe da Turanci za ta yi, a hankali, irin wanda duk wanda ya yi sakandare zai gane. Sunanki? Ta faɗa. Yaushe kika shigo ƙasar? Ta faɗa. Ko kalma ɗaya ta Sinanci ba a nema ba. Har na fara shirya abin da zan gaya wa abokina. Can, ba tare da ta ɗago kai daga rubutunta ba, ma'aikaciyar ta ce, "Mene ne cikakken sunan mijinki?"

Matata ta saci kallona.

Na buɗe baki zan amsa, ma'aikaciyar ta ɗaga min hannu, ta ce matata ta tambaya. Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "Mijina ne." Ma'aikaciyar ta ce ta sani, sunansa take so. Matata ta nuna fasfona da ke kan tebur, wato yana ciki. A nan ne matar ta ajiye biro. Ta rufe fasfon, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta ɗago ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da take tunani. Kowa a garin nan ya san labarin auren takarda, inda mutum zai kawo macen da ba tasa ba ya ce matarsa ce. Ga mace an tambaye ta sunan mijinta ta yi gum. Ko ni ne a kujerar, abin da zan zata ke nan.

Na fara kame-kame da Turanci, ina cewa a wajenmu akwai al'ada. Ma'aikaciyar ta ce in koma bayan layi in tsaya. Ta kira wani na gaba da ita, mai furfura, suka yi ƙus-ƙus. Ya sake yin tambayar cikin ladabi, sannan ya ce in ba ta amsa ba dole su riƙe takardun su yi bincike. Kwanakin da suka rage wa matata kuwa ba su da yawa.

Daga inda nake na ce da Hausa, "Don Allah ki faɗa. Ni na ce ki faɗa, ba komai wallahi."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Yaya, har da na Baffa fa."

Sai a lokacin na tuna. Sunan da ke fasfo ba nawa kaɗai ba ne, da na mahaifina a jere. Wato a numfashi ɗaya ake so ta kira mijinta da surukinta, a gaban mijin, cikin mutane. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce mene ne a ciki. Ni na san mene ne a ciki. Na tsaya riƙe da jakar takarduna da ba su da amfani.

Ta ɗan jima a haka. Sannan ta gyara hijabinta, ta juya min baya sosai yadda ko gefen fuskarta ba na gani, ta matsa dab da 'yar kafar gilashin. Ta faɗa. Nawa, sannan na Baffa. A hankali ta faɗa don kada in ji, amma na ji.

Jama'a, sunan nan na ji shi a bakin malaman makaranta, na ji shi a banki, na ji Sinawa suna kakkarya shi gida uku. Ban taɓa sanin yana da daɗi ba sai ranar. Idona ya cika. Ƙato da ni, da gemu, a tsakiyar ofishin mutane. Na ciro hankici na shiga goge fuska kamar zafi ne ya dame ni.

Ma'aikaciyar ta buɗe fasfo ta duba, ta ga daidai. Sai ta ga matata na share hawaye, ta leƙo ta ga ni ma ga halin da nake ciki. Ta yafito ni ta ce me ke faruwa. Wannan karon aka bar ni na yi bayani, da guntun Turancina da hannu da komai. Na ce a gidanmu mace ba ta faɗar sunan mijinta, girmamawa ce, kuma yau ne karo na farko da na ji shi a bakinta tun da aka ɗaura mana aure. Ta fassara wa mai furfurar. Ya yi ɗan murmushi ya ce wani abu, ita kuma ta ce min wai ya ce tasa kakar ma a ƙauye "baban yara" take cewa har ta mutu. Aka buga abin da za a buga, aka ba mu rasit, aka ce mu dawo mu karɓa.

A jirgi ba ta yarda mun haɗa ido ba. Da muka sauka Xiaobei na ja ta wani gidan taliya na Musulmi da muke zuwa. Aka kawo, tana ta juya cokali ba ta ci. Ni kuma baki ya ƙi rufuwa. Na ce, "Ni fa ban ji sosai ba, akwai hayaniya. Ɗan maimaita min."

Ta ce, "Ka ji. Ina jin lokacin da ka ja hanci."

Na ce, "To me ya sa kika daɗe haka? Kin kusa sa zuciyata ta tsaya."

Ta ce, "Sai da na roƙi Baffa gafara a zuciyata. Na ga kunyar nan ta yini ɗaya ce, za ta wuce. In na tafi na bar ka kuwa, ban san ranar dawowa ba." Ta ɗago a karo na farko ta ce, "Kuma kada Hajiya ta ji wannan maganar." Hajiya mahaifiyata ke nan. Na yi mata alkawari, na kuma riƙe shi har Allah ya karɓi ran tsohuwar. Wannan ma da nake rubutawa sai da na nemi izini, ta ce in rubuta amma ban da suna.

Abokina kuwa, da na tare shi na ce ina jarrabawar Sinancin, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai kwanan nan suka sauya.

Na kan zauna in yi tunanin abin. Na yi makonni ina shirya matar nan, ina ganin na san duk inda za ta yi tuntuɓe, ashe abin da ya fi mata nauyi yana kan shafin farko na fasfona. Yaran yanzu suna kiran juna da suna tun ranar ɗaurin aure, ban ce sun yi laifi ba, kowa da gidan da ya tashi. Amma ni na san abin da matata ta sauke a gaban gilashin nan, na kuma san don wa ta sauke shi. Ban taɓa jin ana so na kamar ranar ba.

Har yau muna Guangzhou, har yau Yaya take ce min. Duk lokacin da sabuntawa ta zo tare muke zuwa, in tsaya a bayanta da 'yan takarduna. Ita tana addu'a a gama lafiya. Ni kuma, Allah ya yafe min, ina tsaye ina fatan a sake yi mata tambayar nan. Ba a sake ba.