Zalɓen Tafkin Su Inna

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ana idar da salla, ni da wani abokin aikina, malamin makaranta kamar ni, a kan babur ɗinsa. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da kyamara. Ƙauyen su mahaifiyata muka nufa, can wajen Maruta a ƙasar Gwaram. Aike ne ya fito da ni, ko da yake wadda ta aike ni ba ta ce mini uffan ba.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tunda na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, hira kuwa ba ta haɗa mu. In tana da magana da ni, matata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin. Shekara uku ke nan ciwon ƙafa ya hana ta fita, ga ganinta kullum raguwa yake yi. Ran nan ina alwala a tsakar gida na ji tana ce wa matata: "Ko zalɓen nan na tafkin garinmu suna nan har yanzu? Wasu dai sun sayi abin ɗaukar hoto, sai 'yan biki suke ɗauka." Ni ne wasun. Na ji tsoron in na jira hutun makaranta, in kawo hoton ba idon da zai gan shi. Don haka na sayo fim mai hoto ashirin da huɗu, na sa ranar Asabar.

Kaka ta yi kyau bana. Ko'ina dammunan gero ne a jingine a bakin gona, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran yanka. A hanya duk allon da muka wuce an shafe sunan Kano da fenti an rubuta Jigawa, sai dai fentin bai ji ba, tsohon sunan na leƙowa ta ƙasa. A Kiyako muka tsaya shan koko. Mai ƙosai ta ƙirga mana guda uku a naira, abokina ya yi ƙorafi, ta ce ai tunda muka samu jiha wake ma ya san darajar kansa. Muka biya ba gardama.

Da hantsi muka sauka bakin kogin Gwaram. Ruwa ya fara janyewa ya bar rairayi, balbelu fari fat suna bin shanun Fulani, ga garken kirinjijiya a wani ɗan tsibiri suna ta fito. Na ce bari in gwada hannu. A nan ne wautata ta bayyana. Saboda garin kakannina za ni, babbar rigata fara na sako, wadda ta sha shuni da bugu, da hula zanna. Ina taku ɗaya rigar na ƙara tana walƙiya a rana. Duk tsuntsun da na dosa sai ya tashi tun ina nesa. Kafin in ankara na ɓata hoto goma sha ɗaya a kan wutsiyoyi. Abokina ya ce in an wanke in ba shi, zai koya wa ɗalibai yadda tsuntsu yake gudu.

Daga nan muka bar kwalta. Burji ne mai yashi, wani wurin mu hau babur, wani wurin mu tura shi. Sai bayan azahar muka isa ƙauyen. Gidan kakana ya zama gonar gyaɗa, ba kowa namu. Na tsaya a wurin, na gode Allah da Inna ba ta gani ba.

Tafkin yana bayan gari, kuma bai kai rabin yadda take kwatanta shi ba. Amma da muka leƙa, can ƙarshen ruwa, ga zalɓe guda a tsaye, toka-toka, dogon wuya, ko motsi ba ya yi. Na ɗaga kyamara na matsa. Ya lanƙwashe wuya, ya yi wani kuka mai kaushi, ya bi bayan itatuwa. Sau biyu yana dawowa, sau biyu ina korarsa. Hoto huɗu suka rage mini.

Duk abin nan wani dattijo masunci yana gindin tsamiya yana ɗinkin komarsa yana kallona. Da na je na gaishe shi ya ce, "Malam, ɗaurin aure ka zo ko wurin tsuntsu?" Na gaya masa abin da ya kawo ni, na faɗi gidan da na fito. Ya ajiye komar ya dube ni sosai. "Kai ɗan Kande ne? Tana raye?" Na ce tana raye, Baba. Sai ya tuɓe taguwarsa ta su, wadda laka ta rine, ya miƙo mini. Ya ce zalɓe ya san wannan rigar shekara da shekaru. In sa ta, in cire hula, in shiga ciyawar bakin ruwa in zauna, kada in dube shi kai tsaye, kada kuma in kori ko sauro.

Na sa. Ƙarnin kifi ya cika mini hanci, abokina ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na zauna cikin taɓo tun bayan la'asar. Sauro ya ci rabonsa, cinnaka ma bai bar ni ba, ƙafata ta yi tsami har na daina jin ta. Can na ji fukafuki a saman kaina. Zalɓen ya sauka kusa da wani falalen dutse da ke gefen ruwa, ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ya ajiye. Na danna sau huɗu, fim ya ƙare. Bai ko waiwaye ni ba. Yana nan har ya soki ɗan kifi ya haɗiye.

Dattijon ya gasa mana karfasa da ƙuli-ƙuli da yaji, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Na fito da ɗan abin goro ya ƙi karɓa, sai ma ya ƙunsa busasshen kifi ya ce in kai wa Kande, in ce mata wanda ya taɓa tura ta ruwa suna yara yana neman gafara. Mun shigo Birnin Kudu dare ya raba, babbar rigar a naɗe a ƙarƙashin hammata.

Garinmu ba mai wanke hoto mai kala, sai Kano. Na ba wani direban motar haya fim ɗin, na yi kwana takwas ina zarya tasha. Da hotunan suka zo na buɗe su a tsaye. Zalɓen da na gani kamar in taɓa shi ya fito bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ni mai ido ma sai na ƙura.

Na ba matata mafi dama-dama a ciki tare da kifin da saƙon dattijo, na tsaya a bakin ƙofa. Inna ta matso wajen haske, ta kai hoton dab da fuskarta. Ta daɗe. Sai na ga yatsanta ya wuce zalɓen bai tsaya ba, ya sauka a kan falalen dutsen nan da ban ma yi nufin ɗauka ba. Ta ce a nan suke wanki da innarta, a nan ne kuma mugun yaron nan ya tura ta. Ta yi dariya har da hawaye. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Kai, shigo ka zauna. Tsamiyar tana nan?"

Na waiwaya in ga da wa take. Matata ta yi mini alama da ido, ta fice.

Tafiyar nan ta koya mini cewa tsuntsun ruwa ba a zuwar masa da ado, sai da rigar da ya sani da dogon zama. Ta kuma koya mini cewa ban san abin da aka aike ni ba sai da na dawo. Ranar na zauna a bakin tabarmar Inna har aka kira azahar, tana tambaya ina ba ta amsa. Sunana dai har yau ba ta faɗa ba, kuma ban damu ba.