Sojojin Yaya Marasa Fuska

Muna sallame sallar asuba muka bar gida a Greenbelt, ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da yayana da wani kwalin takalmi da ya hana kowa taɓawa. A cikinsa akwai sojoji ashirin da huɗu na dalma, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba. Ga wanda bai sani ba, Yaya ya daɗe yana tuƙin motar haya a garin nan kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara. Tun da aka sallamo shi, in ba asibiti ba, ya ƙi taka ƙofar gida. Ko masallaci ya daina zuwa don kada a gan shi yana jan ƙafa. Likitar gashin ƙashi ce ta ba shi sojojin da buroshi, ta ce fenti zai farfaɗo da yatsunsa, mijinta kuwa yana cikin wasu dattawa masu sake buga yaƙe-yaƙen dā a kan tebur a Alexandria, wani gari a tsallaken kogin Potomac. Wata bakwai yana fama da su. Wannan ce fitarsa ta farko, kuma na san halinsa sarai: in aka raina aikinsa a can, ba zai sake fita ba.

Na ce mu shiga motata, ya ce shi ba zai zauna a kujerar fasinja a titin da ya haddace ba. To, jirgin ƙasa ke nan. Taragon kusan babu kowa, sai wata mata da kayan aikin asibiti tana gyangyaɗi da wani mai keke. Itatuwa sun yi ja sun yi rawaya suna wucewa ta taga, har jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyar birni muka sauya layi, Yaya ya rungume kwalinsa a kan matakalar lantarki, ni kuma ina bayansa ina tare shi kada ya faɗi. Da muka fito kan gadar kogin Potomac, wani farin hazo ya kwanta a kan ruwa, ba ka ganin gaɓa, sai ka ce jirgin a sama yake tafiya.

A Alexandria na sayi kofi biyu da burodi, aka ce dala goma sha huɗu. Na kalli yarinyar, na kalli kofin, na biya dai. Da ma matar Yaya ta ɗauro mana dambun nama, shi ya rufa mana asiri.

Wurin wasan zaure ne a bayan wani ɗakin karatu na unguwa. Wallahi da na shiga sai da na tsaya. Tebur ne babba an shimfiɗa masa koren ƙyalle, ga kogi na shuɗin gilashi, ga gada, ga ƙauye da hasumiyarsa, ga itatuwa kamar ka tsinke ka sa a miya. Dattawan suka ce wani yanki ne na arewacin Italiya sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, lokacin da Faransa da Ostiriya ke gwabzawa. Faransawa masu shuɗin kaya sun jeru a wancan ɓangaren kogin, 'yan Ostiriya masu fararen kaya a nan. Na Yaya farare ne. Ya ce ya zaɓe su ne don sun yi masa kama da sahun Juma'a.

Ashe suna da al'ada. Duk sabuwar rundunar da aka kawo, sai babbansu ya duba ta, kuma ba a ɗora wadda ba a gama fentinta ba a kan tebur. Babban nasu wani tsoho ne mai farin gemu da gilashin ƙara girma a goshi. Ya ɗauki soja ɗaya, ya juya shi, ya ɗauki na biyu, sannan ya ce ai waɗannan ba su da fuska. Gaskiya ne. Yaya bai yarda ya ajiye surar mutum cikakkiya a ɗakin da yake salla ba, don haka ya sa magagari ya goge idanu da hanci da baki na kowanne, ya shafe wurin da fenti ruwan ƙasa.

Nan fa na tafka wautata. Na tsorata, sai na yi caraf na ce su yi haƙuri, ya yi rashin lafiya ne, hannunsa na rawa, fuska ta yi masa ƙanƙanta. Nan take fuskokinsu suka yi laushi, har wani ya fara jawo masa kujera. Yaya bai ko dube ni ba. Maganarsa tana fita a hankali yanzu, amma ya fitar da ita.

"Ba hannuna ba ne," in ji shi. "Dubi maɓallan rigarsu."

Tsohon ya sauke gilashinsa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Maɓallai ne kamar ƙwayar gero, kowanne da ɗigonsa na ruwan zinariya, babu wanda ya kauce. Yaya ya yi masa bayanin dalilinsa cikin kalmomi kaɗan. Tsohon ya ce shi shekara da shekaru yana fenti bai taɓa samun maɓallai haka ba, kuma wanda ya bar abu da gangan ai ya gama aikinsa. Ya nuna masa bakin gada ya ce nan ne wurinsu.

Sauran yinin kamar a mafarki na yi shi. Ana auna tafiyar sojoji da rula, ana jefa 'yan ludo don a ga wa harsashi ya samu, babu caca babu komai. In igwa ta tashi sai a ɗora auduga a bakinta a matsayin hayaƙi. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan kogin gilashi, na fara jin kamar akwai mutane a cikin ƙauyen nan sun rufe ƙofofi suna sauraro. Yaya yana tsaye, ya ƙi kujerar, yana matsar da mutanensa da hannun dama ɗaya bayan ɗaya. Sun riƙe gadar har azahar, muka fita muka yi salla a kan ciyawa, muna dawowa dawakin Faransa suka tarwatsa su. Dattawan suka yi ta dariya, wai sababbin sojoji kullum haka suke gudu ranar farko. Na ji Yaya yana dariya tare da su, rabona da jin wannan tun kafin ciwon.

La'asar sakaliya muka kamo hanya. Abin da na koya bai wuce ɗaya ba, kuma ya yi mini ciwo: duk watannin nan ina cewa mutanen waje ne za su yi masa kallon nakasasshe, ashe ni ne a gaba. Da muka sauka a Greenbelt na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar ɗazu."

Ya ce ya yafe tun a can. Muka ɗan taka, sannan ya tambaye ni jirgin farko na ranar Asabar ƙarfe nawa yake tashi. Na faɗa masa, na ce zan ɗauki hutu a wurin aiki in sun sake zama.

"A'a, je ka aikinka," ya ce. "Ni kaɗai zan tafi."